Amsoshin Tambayoyinku: Tara, Tattara da Danginsu

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku daga nan birnin Kano. Wasiƙun da muka ware yau duk na harshe ne, kuma kusan kowace a cikinsu kalma ɗaya take kewayawa, wato tara. Malaminmu na Hausa yana zaune tare da mu. Allah ya gafarta Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai Hajiya. Ina gaida masu sauraro.

Mai gabatarwa: Ta farko daga wata malamar firamare ce a Gwale. Ta ce ta sa 'yan aji biyar su rubuta insha'i, sai wani yaro ya rubuta, "Na tattara kuɗi na sayi keke." Ta ja masa jan biro ta mayar da shi "na tara kuɗi", uban yaron kuma ya zo ya ce ai duk ɗaya ne. Tana so Malam ya raba gardama.

Malam: To Malama, sannu da fama da yara. Ba ɗaya ba ne, uban yaro bai yi daidai ba a nan. Sai dai ke ma da kin tambayi yaron yadda kuɗin suka zo hannunsa kafin ki ɗauki jan biro. Idan kullum yana rage wani abu daga kuɗin tara da ake ba shi...

Mai gabatarwa: Kuɗin tara kuma Malam?

Malam: Kin ga wata tarar ta shigo ba a gayyace ta ba. Kuɗin da ake ba ɗan makaranta ya sayi abin taɓawa lokacin da aka fito hutun safe nake nufi, yara suna ce masa kuɗin tara saboda a da wajen ƙarfe tara ake fitowa. Za mu zo kan wannan. Na ce idan yana rage wani abu kullum yana jefawa a asusu har ya cika ya fasa, to tarawa ya yi. Amma idan bayan yawon Sallah ne ya zauna ya zazzage aljihun riga, ya ɗauko na kawu da ya ɓoye a ƙarƙashin katifa, ya karɓo wanda ya ba inna ajiya, ya haɗa da na goggo, to wallahi tattarawa ya yi, kuma jimlarsa daidai take.

Abin da ke faruwa shi ne, Bahaushe yakan ninka gaɓar farko ta aikatau idan yana so ya nuna aiki ya yawaita, ko an yi shi a wurare daban-daban, ko a kan abubuwa da yawa. Kama, kakkama. Raba, rarraba. Buga, bubbuga. Kira, kikkira. Haka tara ta zama tattara. Saboda haka duk inda kika ji tattara, akwai warwatsuwa a bayanta. Abin yana nan da can, wani ya bi ya ɗauko. Ita kuwa tara ba ruwanta da inda abin ya fito, abin da take kallo shi ne yadda yake ƙaruwa a wuri ɗaya, yau kaɗan gobe kaɗan. Shi ya sa mutum yake tara gemu, yake tara suma, yake tara bashi, yake tara gajiya, yake tara ramuwar azumi. Ba wanda ya taɓa tattara gemu, sai dai in wanzami ya gama aski yana sharewa.

Ki saurari waɗannan jimloli biyu Hajiya. "Ta tara kaya." "Ta tattara kayanta."

Mai gabatarwa: Ai ta biyun yaji za ta yi.

Malam: Kin gani ko? Ta farko ɗakinta ya cika da kwalla da samira, sai a ce ma sha Allah. Ta biyu kuwa sai a je a kira waliyyai. Haka "ya tara iyali" yabo ne, Allah ya ba shi 'ya'ya da jikoki. "Ya tattara iyalinsa" kuwa tashi zai yi, ko dai haya ta ƙare ko gari ya yi masa zafi. Daga nan muka sami "ya tattara nasa ya nasa". Gaɓa ɗaya ce tsakani, amma ta raba mai zama da mai tafiya.

Mu mutanen Kano muna da misalin da ya haɗa kalmomin biyu a aiki guda, wato dalar gyaɗa. Bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Manyan attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suna da yara da wakilai da suke shiga ƙauyuka da kasuwannin karkara suna saye a hannun manoma, wannan tiya kaɗan, wancan buhu guda, a ɗoro wa jakuna da raƙuma. Wannan shi ne tattarawa, ko ma tattarowa tunda gida ake kawowa. Idan ta iso birni aka ɗura a buhuna aka yi ta ɗora buhu a kan buhu a wajen Ƙofar Mazugal ana jiran taragon jirgi, har dala ɗaya ta ci buhu wajen 15,000, wannan tarawa ce. Wanda ya bi rana ƙauye-ƙauye ya tattara, wanda ya zauna a birni ya tara.

Malamanmu na zaure ma sun kiyaye wannan bambanci. Idan suna ba da tarihin Alƙur'ani cewa suke yi an tattara shi a zamanin Sayyadina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda. Bayan yaƙin Yamama da mahaddata da yawa suka yi shahada, Sayyadina Umar ya ba da shawara, aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabit aikin, ya bi yana karɓowa daga abin da aka rubuta a rassan dabino da fararen duwatsu da kuma abin da ke ƙirazan mutane. Da sun ce an tara shi, da ma'anar ta karkace, kamar ƙaruwa yake yi. Ba ƙaruwa ya yi ba, a rarrabe yake a hannun mutane aka haɗo shi wuri ɗaya.

Na zamani kuma shi ne sakamakon zaɓe. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44. Daga rumfa a kai mazaɓa, daga mazaɓa a kai ƙaramar hukuma, daga nan a kawo jiha. Wanda ya fara cewa "cibiyar tattara sakamako" ya san Hausa. Inda nake da ƙorafi da 'yan jarida, ku yi haƙuri Hajiya tunda a gidanku nake, shi ne yanzu tattara ta zama 'yar lele. Ana ganin ta fi tara nauyi a baki, ta fi kama da Hausar labarai, sai a cusa ta ko'ina. Na sha jin "ya tattara dukiya mai yawa a rayuwarsa" ana nufin yabon mamaci. Wanda ya san harshe in ya ji haka sai ya zaci marigayin kwashe dukiyar ya yi ya gudu.

Mai gabatarwa: Mun karɓi gyara Malam, za mu isar wa ɗakin labarai. Wasiƙa ta biyu daga wani Alhaji ce mai shago a Kantin Kwari. Ya ce yaron shagonsa ya turo masa saƙon waya cewa "mun biya tara". Shi ya ɗauka kuɗin dila tara aka biya, har ya yi hamdala, ashe motar da ta kawo kaya ce ta tsaya inda ba a tsayawa aka ci su tara. Yana tambaya, me ya sa kalmomi daban-daban suke da rubutu ɗaya, kuma ba za a gyara ba ne?

Malam: Allah ya mayar da alheri Alhaji. Laifin ba na yaronka ba ne, ba kuma na Hausa ba ne, na rubutun boko ne. A baki kalmomin nan ba su taɓa rikita kowa ba. Saurara: na tara naira dubu tara na biya tara. Yaro ɗan shekara bakwai ya ji wannan ya san abin da na ce. Ta farko, ta tarawa, wasalinta dogo ne, murya tana farawa sama ta sauko. Ta biyu, lamba, wasulanta gajeru ne, kuma ra ɗinta mai karkarwa ce, wadda masu nazari suke kira ra-gare. Ta uku, wadda alƙali ko jami'i yake ci, wasalinta dogo ne amma muryar daga ƙasa take tashi ta hau. Abubuwa uku ke nan kunne yake kamawa, tsayin wasali da karin sauti da irin ra, kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga ciki.

Tun farkon tsara shi haka aka bar shi. Hans Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, gidansa yana nan a Nasarawa har gobe, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko a 1912. Daga baya aka shigo da baƙaƙe masu ƙugiya don a raba ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b. Amma tsayin wasali da karin sauti aka bar wa mai karatu ya gane daga jimla. A nan ajami ya ɗara boko da taki ɗaya, domin shi yana nuna dogon wasali da alifi ko wawu ko ya. Almajirin da ya rubuta tara ta lamba ba zai sa alifi ba, ta tarawa kuwa zai sa. Karin sauti dai shi ma bai nuna ba. Wanda yake son ganin komai a rubuce sai ya buɗe ƙamus, irin na Bargery da ya fito a 1934, ko wanda Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar a 2006.

Ko za a gyara? Ni dai ba na goyon bayan a ɗora wa kowane wasali alama. Mutanen da har yanzu muke roƙo su sa ƙugiya a saƙon waya, su daina rubuta "kasa" alhali "ƙasa" suke nufi, in aka ƙara musu wannan kaya sai su bar rubutun gaba ɗaya. Maganin Alhaji mai sauƙi ne. A harkar kasuwa lamba a rubuta ta da adadi, 9, ba da baƙaƙe ba. Wanda aka ci tara kuma ya rubuta "an ci mu tara", domin wannan "ci" ita ce take rakiyar kalmar tun asali. Haka tari na tsibi da tari na maƙogwaro, da taru na mutane da taru na masunta, wato babbar komar nan da ake ja a ruwa, duk jimla ce take raba su a takarda.

Mai gabatarwa: Sai wani ɗalibi daga Kabuga, ya ce yana shekarar farko a sashen Hausa. Ya jero kalmomi: taru, taro, tare, tarayya, matattara, tarar da, tare hanya, amarya ta tare. Ya ce shin duk gida ɗaya suka fito?

Malam: Ɗana, gida biyu ka haɗa, maƙwabta ne kawai. Kafin shekara ta ƙare za a koya maka giredin aikatau, tsarin da wani Bature mai suna Parsons ya fitar a 1960, inda ya kasa aikatau na Hausa giredi bakwai. A taƙaice, saiwa ɗaya ce ake sauya mata wasalin ƙarshe da karin sauti sai ma'ana ta juya. Na tara itace. Taro mini itace, wato ka tara ka kawo nan inda nake. Ya tattare itacen, bai bar ko sili ba. Itace ya taru. Wannan ta ƙarshe ina son ta, domin ba ta faɗin wanda ya yi aikin, kuma in aka kore ta tana nuna abin ba mai yiwuwa ba ne. Idan magidanci ya ce "kuɗin yanzu ba sa taruwa", bai ce ba ya tarawa ba. Yana iya bakin ƙoƙarinsa, su ne suka ƙi.

Daga wannan saiwa mai dogon wasali aka sami taro na mutane, da tari, da tare ta "muna tare". Dubi yadda take: zauna, zaune; tsaya, tsaye; tara, tare. Mutanen da suke tare, a tare suke wuri ɗaya. Tarayya kuma ɗafin nan ne na -ayya da yake nuna abu tsakanin juna, irin na so da soyayya, ƙi da ƙiyayya, ja da jayayya. Kafin a san wata gwamnatin tarayya, Bahaushe yana cewa "mun yi tarayya a gonar nan" ko "saniyar tarayya ce". Da aka zo neman sunan ƙasar da jihohi suka haɗu suka yi, sai aka ɗauko ta, aka sami Tarayyar Nijeriya, daga baya Tarayyar Turai da Tarayyar Afirka. Fassara ce da ta zauna daram, ba a ji ta baƙuwa ba. Matattara ita ce inda abubuwa suke gangarowa daga ko'ina su haɗu. Madatsar Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo matattarar ruwa ce. Sai dai kalmar ta yi baƙin jini a bakin 'yan sanda, yanzu da ka ce matattara sai a jira a ji ta ɓata-gari.

Gida na biyu kuwa wasalinsa gajere ne, ma'anarsa shan gaban abin da ke tahowa. Na je na tari baƙo a tasha. Ya tari numfashina ina magana. Ya yi tarar aradu da ka. An tare hanya. Na tarar da shi yana barci. Duk babu tarawa a ciki, gamuwa ce. Ita kuwa tarewar amarya in ka saurari bakin mata da dogon wasali suke faɗinta, don haka kada ka kai ta wannan gida na biyu, ga shi kuma ranar ana tara jama'a.

Mai gabatarwa: Ana tara su kam, har a rasa wurin zama.

Malam: A ci a sha a watse a bar uwar amarya da wanke-wanke. Irin wannan ne ake ce wa taron tsintsiya ba shara.

Mai gabatarwa: Ga wata gajeriya daga wani dattijo a Yakasai, jikansa ne ya rubuta masa. Ya ce yaran yanzu suna jin ana cewa "ba ni da ko taro" suna zaton taron mutane ake nufi, a gaya musu.

Malam: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Yara ku ji, taro kuɗi ne, kwabo uku. Biyunsa sisi, ukunsa nai, huɗunsa sule, sule ashirin kuma fam guda. Yarbawa ma toro suke ce masa. Ya daina aiki bayan da naira da kwabo suka shigo a 1973, ya bar sunansa a bakin mutane. Ba shi da dangantaka da tara ko ta nesa.

Mai gabatarwa: Wannan kuma daga wata Hajiya ce a Ɗorayi, ta ce ita uwar adashi ce shekara da shekaru. 'Yarta da ke makaranta ta ce mata aikinta sunansa "tattara kuɗi", ita kuma ta ce ba ta taɓa jin an faɗi haka a tsakar gida ba. Wace ce kalmar?

Malam: Hajiya ki riƙe naki, ya fi na 'yar boko. Adashi yana da kalmominsa. 'Yan adashi zubi suke yi, uwar adashi tana karɓar zubi, wadda layi ya zo kanta kuma ta ɗauka ko ta kwasa. Idan kin aiki yarinya ta bi gida-gida ta karɓo, to ita yarinyar ta tattaro, ba laifi. Amma ba sunan sana'ar ba ke nan.

Wannan tambaya ta taɓo abin da ya fi damuna. Harsunan da ake fassaro mana labarai da littattafan makaranta daga cikinsu sukan yi amfani da kalma ɗaya ko biyu a inda mu muke da goma, sai mai fassara ya kama tara da tattara ya saki sauran. Ki je 'Yan Kaba da safe. Mai tumatir ba ya tara tumatir a gabansa, kasa shi yake yi kashi-kashi. Mai yashi ya tsiba ko ya tula. A Dawanau buhunan masara da wake jibge su ake yi. Manomi in ya yanke gero ɗaure shi yake dami-dami ya kai rumbu. Matan da suke bin gona bayan an cire gyaɗa roro suke yi, masu bin bayan girbin hatsi kuma kala. Yaran jari-bola tsinta suke yi, mai sikeli ya saya ya tara. 'Yan unguwa in za su gyara kwata karo-karo suke yi. Manoma in za su taru su nome gonar mutum ɗaya gayya ce, daga ita muka sami gayyata. Kowace kalma tana gaya maka abin da aka tara, da yadda aka ajiye shi, har da wanda ya yi aikin.

Sai haɗa, wadda ita ce aka fi rikitawa da tara. Tara tana son abu iri ɗaya ya yawaita. Haɗa tana son abubuwa mabambanta su zama abu guda. Saurayi yana tara kuɗin lefe, in sun taru sai yayyensa mata su shiga Kwari su haɗa lefe, atamfa da leshi da takalma da mayafai. Ana haɗa miya, ana haɗa aure, ana haɗa kai, ana haɗa faɗa ma. In aka ce wani ya tara mutane, ya kira su ne sun zo. In aka ce ya haɗa su, to ko ya sulhunta su ko ya kai gulmar wannan wurin wancan.

Mai gabatarwa: Wani mai sauraro daga Fagge yana tambaya, wai gaskiya ne tara daga Larabci muka aro ta? Ya ce wani ya gaya masa har jami'a ma ma'anarta wurin tarawa.

Malam: Rabin maganar gaskiya ne. Tara tamu ce, ba aro ba ce. Amma Larabci yana da tasa saiwar mai wannan ma'ana, baƙaƙe uku, jimun da mimun da ainun, kuma mun ari 'ya'yanta da yawa har mun manta baƙi ne. Jama'a daga nan take. Juma'a, ranar da ake taruwa a masallaci ɗaya. Jam'i, ko na salla ko na nahawu da yake kishiyar tilo. Ijma'i, haɗuwar malamai a kan hukunci. Jam'iyya, wadda a Kano ta shiga bakin kowa tun da aka kafa jam'iyyar siyasa ta NEPU a 1950. Da jami'a, mai tattaro fannonin ilimi wuri guda, kamar tamu ta Bayero da ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Abin lura shi ne sunaye muka aro, aikatau ɗin muka riƙe namu. Muna cewa jama'a sun taru ranar Juma'a, Larabci biyu da Hausa ɗaya a tsakiya tana riƙe da su. Ko a ƙirga haka ne, daga ɗaya zuwa goma namu ne, har da tarar da ta rikita Alhajin Kwari, sai daga ashirin da talatin da arba'in muka koma Larabci.

Mai gabatarwa: Wannan Malam zan karanta ta yadda aka rubuto. Wani matashi daga Kurna ya ce yana karanta wani littafin fiƙihu na Hausa a babin azumi, ya ga an ce wanda ya tara da iyalinsa da rana sai ya yi kaffara. Ya ce shin zama da iyali a tsakar gida ma yana karya azumi?

Malam: A'a ɗana, zauna da iyalinka ka yi hira har a kira magariba. Wannan "tara da" ɗin sakaya ce irin ta malamai da iyaye, ana nufin abin da ke tsakanin miji da mata. Ka lura da "da" ɗin nan. Tara iyali daban, tara da iyali daban. Sauran bayani ka je wurin malamin da yake biya maka littafin, nan yara suna sauraro.

Mai gabatarwa: To madalla. Ta ƙarshe da lokaci zai ba mu daga wata ɗaliba ce mai koyon aikin jarida a Tarauni. An tura ta ta rubuta rahoton Hawan Daushe, ta rubuta "an yi babban taro a Ƙofar Kudu", malaminta ya soke. Ta ce me ya kamata ta ce?

Malam: Malaminki ya kyauta 'yata. Taro yana da mai kira, yana da dalili, yana da lokacin buɗewa da na tashi. Taron suna, taron ɗaurin aure, taron manema labarai. Ana iya ɗage shi, ana iya watsa shi. Idan 'yan kaɗan ne za su tattauna wata magana, zama ne. Idan an yi shela an kira kowa da kowa ya fito fili don a nuna ƙarfi ko a wayar da kai, gangami ne, irin na 'yan siyasa ko na rigakafi. Mutanen da suke cika Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe kuwa ba wanda ya aika musu takarda, kallo ya fito da su. Waɗannan dandazo suka yi, ko cincirindo. In kina son nuna yadda suke ta kwararowa ta kowace ƙofa ki ce sun yi tururuwa, in kuma har ba wurin sa ƙafa ki ce an yi cunkoso. Hakimai da suka zo da dawakansu daga gundumominsu su kam kiran Sarki suka amsa, don haka za ki iya cewa hakimai sun hallara, jama'a kuma sun yi dandazo suna kallon jafi.

Mai gabatarwa: Mun gode Allah ya gafarta Malam, Allah ya ƙara basira. Akwai wasiƙu biyu a kan "gama" da "kammala" da ba mu samu karantawa ba, masu su su yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da rubuto mana, a kuma riƙa sa sunan unguwa. Yanzu sai a gyara zama ga sanarwa.